Launin da Kifi Ke Gani, Daga Bahar Maliya Zuwa Rafukan Maiha

Ruwa yana shanye haske, amma ba lokaci guda yake shanye launukansa ba. A teku mai garau, ja ne ke fara ɓacewa. Kafin a nitsa mita 20 ya kusa ƙarewa, ruwan goro da rawaya su bi bayansa, a bar shuɗi shi kaɗai yana ratsawa ƙasa. Shi ya sa masana suka daɗe suna ɗauka cewa ja ba shi da wani amfani ga kifin da ke zaune a can. A 2008 Nico Michiels na Jami'ar Tübingen da ke Jamus da abokan aikinsa suka girgiza wannan tunani. Sun duba kifayen murjani ta gilashin da ba ya barin komai ya wuce sai ja, a Bahar Maliya da wasu wurare, suka tarar da fiye da iri 30 suna ƙyallin ja, wasu a kewayen ido, wasu a ƙaya.

Kifin ba ya samar da hasken da kansa. Wasu sinadarai ne a fatarsa ke shan shuɗin hasken da ya iso, su mayar da shi kore ko ja, kamar yadda alamun ɓoye na takardar naira ke tashi idan aka ɗora ta ƙarƙashin fitilar gane jabu. A 2014 John Sparks da David Gruber da tawagarsu a Amurka suka lissafa fiye da iri 180 masu wannan baiwa, kuma suka lura cewa da yawansu na cikin dangogin da ke da rawayan tacin haske a ido, wanda ke rage shuɗi don ƙyallin ya fito fili.

A nan ne nake ganin ya kamata a taka a hankali. Hoton kifi mai ƙyalli yana ɗaukar ido, amma da fitila mai ƙarfi da gilashi na musamman ake ɗaukarsa. Tambayar ita ce, a hasken da Allah ya saukar a wannan zurfin, ɗan'uwansa kifi yana ganin ƙyallin? In ya gani, yana sauya halinsa? Justin Marshall da Sönke Johnsen sun kafa irin waɗannan sharuɗɗa a 2017, kuma kifaye ƙalilan ne suka kusa cika su. Ɗaya daga ciki shi ne Cirrhilabrus solorensis: da aka tare jan ƙyallinsa a madubin da yake kallon kansa, sai namijin ya rage kai wa hoton nasa farmaki. Ga sauran, mai yiwuwa ƙyallin tsarabar sinadari ce kawai.

Maiha, da ke Jihar Adamawa, tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, amma dokar guda ce, sai dai a juye take aiki. Rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara, irin su Mayo Tiel da ke bin iyakar Kamaru ya zuba a Binuwai, da damina jajawur suke da laka. Tsoma hannu har gwiwarsa, ba za ka ga yatsunka ba. Laka da ruɓaɓɓen ganye suna cinye shuɗi da wuri, abin da ke saura ya karkata wajen ja. Kifayen ruwan daɗi da yawa sun daidaita da haka: idonsu na juya bitamin A1 zuwa A2, wanda ke matsar da ganinsu wajen ja. Karfasa, wadda muke soyawa ba tare da mun kalli idonta ba, tana da ƙwayoyin gado bakwai na ganin launi, mutum kuwa uku gare shi. Ba ta amfani da su duka a lokaci guda. Waɗanda take kunnawa tana 'yar ƙarama daban ne da na lokacin girmanta.

Wanda ya fi burge ni shi ne kifi mai haɓa kamar hancin giwa, Gnathonemus petersii, ɗan kwarin Kogin Neja. Binciken da mujallar Science ta buga a 2012 ya nuna cewa ƙwayoyin ganinsa a tattare suke rukuni-rukuni cikin 'yan kofuna masu bango mai sheƙi, waɗanda ke tara jan haske. Ba ya rarrabe ƙananan abubuwa, don haka ƙurar laka ba ta ruɗa shi, amma babban abu mai motsi, wato mai neman cinye shi, ba ya kuɓuce masa.

Cewa launi na da aiki a ruwan daɗi kuwa, Tafkin Biktoriya ya tabbatar. Ole Seehausen ya nuna a 1997 cewa inda ruwa ya gurɓace, matan wasu dangin karfasa sun kasa bambance jajayen maza da shuɗɗa, har iri biyu suka fara cakuɗuwa. Wannan ne ke damuna game da namu rafukan. Lakar damina tsohuwar aba ce da kifi ya saba da ita, amma noma har gaɓar ruwa da sare itatuwan gefen dutse suna ƙara ta, suna kuma tsawaita lokacinta. Ɗalibin nazarin kifi a Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi ba ya buƙatar jirgin teku don bin wannan batu. Farin faifai da igiya mai awo sun isa a auna garau ɗin ruwa wata-wata, daga Agusta zuwa Maris, a kwatanta da jan da ke fitowa a maƙogwaro da wutsiyar namijin karfasa lokacin barbara.