Gwamnati da Koyar da Sana'a ga Talakawa a Arewacin Gana: Salaga da Yendi da Bawku

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanci tarihin fataucin Hausawa ya san Gwanja, ƙasar goro, ya kuma san Salaga, kasuwar da ayarin Kano da Katsina da Sakkwato ke dosa na tsawon watanni. Abin da ba a cika tattaunawa a aji ba shi ne yadda wannan yanki ya koma, cikin ƙarni guda, daga wurin da ake zuwa neman arziki zuwa wurin da matasa ke bari su tafi kudu neman abin sawa a baka. Wannan takarda za ta bi diddigin shirye-shiryen da gwamnatocin Gana suka yi na koya wa talakawa sana'a da sama musu aiki, tun daga zamanin Turawa, tare da duba yadda abin ya shafi garuruwa uku: Salaga ta Gwanjawa, da Yendi hedikwatar Dagwamba, da Bawku da ke kan iyakar Burkina Faso da Togo. A dukkansu akwai tsofaffin zangunan Hausawa, kuma Hausa na cikin harsunan da ake ciniki da su a kasuwanninsu.

2.0 Kafin Zuwan Gwamnati

A ƙarni na goma sha tara, yaro ba ya zuwa makaranta don koyon sana'a. Yana koyonta ne a gidan maigida. Wanda aka ba wa maƙeri ko majemi ko maɗinki zai yi shekaru yana aiki a ƙarƙashinsa, ana ci da shi ana tufatar da shi, har ranar da za a yaye shi. Wanda ya bi fatake kuwa zai fara da korar jakuna, ya koyi shirya huhun goro da yayyafa masa ruwa, ya san masauki da dillali a kowane zango. Idan lokaci ya yi, maigidansa zai ba shi jari, ya yi masa aure, ya haɗa shi da abokan cinikinsa. Wato abu uku yake samu a lokaci guda: ilmin sana'a, da jari, da kasuwa.

Bai kamata a ƙawata wannan tsari fiye da kima ba, domin kasuwar Salaga ta goro kasuwar bayi ce kuma, kuma da yawa daga cikin masu haƙa rijiyoyin garin da masu ɗaukar kaya ba da son ransu suke yi ba. Tsarin ya fara girgiza a 1874, lokacin da Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, hanyar goro ta karkata zuwa wasu kasuwanni. A 1892 rikicin sarautar Kpembe ya jawo yaƙin basasar da ya watsa Salaga, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Yendi da Kintampo da Kete-Krachi. Cikin waɗanda suka bar garin har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934.

3.0 Zamanin Turawa

Da Ingilishi suka kafa mulkinsu a arewa a farkon ƙarni na ashirin, sun ɗauki yankin a matsayin rumbun 'yan ƙwadago. Tun daga 1906 aka fara tura samari, ta hannun sarakuna, zuwa ramukan zinariya na Tarkwa, daga baya kuma zuwa aikin hanyar jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa ta Takoradi, wadda aka buɗe a 1928. Wasu kuma suka tafi da ƙafarsu zuwa gonakin koko. Makarantar gwamnati ta farko a arewa sai a 1909 aka buɗe ta a Tamale, alhali garuruwan bakin teku sun daɗe da makarantu.

Akwai dalili na yanayi da ya sauƙaƙa wannan ƙaura. Kudancin Gana na da damina biyu a shekara, arewa kuwa guda ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Da an gama girbi sai manomi ya zauna wata biyar ko shida ba abin yi, sai cin rani.

Yendi ta kasance a hannun Jamusawa bayan yaƙin Adibo na 1896, har zuwa 1914 da Ingilishi suka karɓe ta. A nan ne aka yi wani gwaji na koyar da sana'a da kuɗin gwamnati a arewa. A 1922, zamanin Gwamna Guggisberg, aka buɗe ƙananan makarantun sana'a guda huɗu a ƙasar: Asuansi da Kibi da Mampong da Yendi. Ana koyar da aikin kafinta da gini da ƙira da noma. Sai dai makarantar ba ta daɗe a Yendi ba aka mayar da ita Tamale, kuma babban mai ɗaukar waɗanda suka gama shi ne ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, domin mutanen gari ba su da kuɗin sayen irin kayan da aka koya musu yi.

4.0 Daga Nkrumah Zuwa Rawlings

A shekarar samun 'yancin kai, 1957, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa Builders Brigade, wato Rundunar Magina, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa Rundunar Ma'aikata. An ɗebi samari da 'yan mata marasa aikin yi da tsofaffin sojoji, aka sa musu kaki, aka zaunar da su a sansanoni ana koya musu fareti da gini da tuƙi da noma da tarakta. Ɗaya daga cikin manyan sansanonin yana Damongo a ƙasar Gwanja, inda tun farkon shekarun 1950 wani kamfanin gwamnati ya gwada noman injina bai yi nasara ba. Rundunar ta ciyar da dubban matasa ta kuma koya wa wasu sana'a, amma abin da take nomawa bai kai abin da take ci ba, kuma 'yan adawa sun zarge ta da zama 'yan bangar jam'iyya mai mulki. Bayan juyin mulkin 1966 sai tauraronta ya dushe.

Gwamnatin Kofi Busia ta bi wata hanya daban. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adin mako biyu ya bar ƙasar, da hujjar cewa baƙi sun tare wa 'yan ƙasa ayyuka. Dokar ta faɗa wa zanguna, inda Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa da Mosawa, wasunsu haifaffun nan, suka kwashe kayansu. Cikin waɗanda suka tafi akwai masu gidan da ke yaye almajiran sana'a. A 1970 kuma aka kafa cibiyar koyar da sana'o'i ta ƙasa, NVTI, mai shirya jarrabawa da ba da takardar shaida.

A 1983 fari da gobarar daji suka haɗu da dawowar 'yan Gana kusan miliyan guda da Nijeriya ta kora. A wannan shekara ce gwamnatin Rawlings ta rungumi tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, aka sallami ma'aikata da yawa, aka janye rangwamen taki sannu a hankali. Don rage raɗaɗin haka aka fito da shirin PAMSCAD a ƙarshen shekarun 1980, wanda a arewa ya haɗa da aikin gayya ana biyan mutane da abinci.

5.0 Shekarun 2000: Aikin Matasa da Kuɗin Tallafi

A Oktoba 2006 gwamnatin John Kufuor ta ƙaddamar da shirin samar wa matasa aiki, NYEP. Ministan ƙwadago na lokacin, Alhaji Boniface Abubakar Saddique, shi ne ɗan majalisa mai wakiltar Salaga. An ɗauki matasa aikin shara da taimaka wa 'yan sanda da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, wasu kuma aka tura su koyon ɗinki da gyaran gashi da gyaran waya. Babban kukan waɗanda aka ɗauka shi ne alawus da kan yi watanni bai fito ba. A 2012 aka sauya sunan shirin zuwa GYEEDA, amma tsugune ba ta ƙare ba. A 2013 ɗan jarida Manasseh Azure Awuni ya bankaɗo kwangilolin da aka biya ba a yi aikinsu ba, kuma a 2018 kotu ta ɗaure tsohon shugaban shirin, Abuga Pele, shekara 6, ta ɗaure ɗan kasuwa Philip Assibit shekara 12. Tun a 2015 majalisa ta maye gurbin shirin da hukumar YEA. Haka nan hukumar raya arewa ta SADA, da aka kafa a 2010, ta ɓata sunanta a kan aikin kiwon zabi da dashen itatuwan da akasarinsu suka bushe.

Shirin da ya fi kaiwa ga talaka tilis shi ne LEAP, wanda aka fara a 2008. Ana ba da kuɗi duk bayan wata biyu ga gidajen da ke riƙon marayu, da tsofaffi daga shekara 65, da naƙasassun da ba sa iya aiki, tare da shigar da su inshorar lafiya kyauta. A 2015 aka faɗaɗa shi ga mata masu ciki da masu goyo, kuma Yendi da Garu-Tempane, maƙwabciyar Bawku, na cikin gundumomin da aka yi nazarin sakamakonsa. A lokacin gida na karɓar sidi 64 zuwa 106, gwargwadon yawan mutanensa. Kuɗin sun tsaya haka shekaru da dama hauhawar farashi na cin su, sai a 2023 aka ninka su, aka sake ninkawa a 2024.

Da aka lura cewa wannan kuɗi na hana kwana da yunwa ne kawai, sai aka haɗa shi da aiki da horo. Daga 2010, da rancen Bankin Duniya, aka riƙa ɗaukar talakawa aikin rani: haƙa ƙananan madatsun ruwa, da gyaran hanyoyin karkara, da dashen itatuwa. Daga baya aka ƙara shirin CLASS, inda ake zaɓar mutane daga gidajen da ke karɓar tallafi, akasari mata, a koya musu sana'a kamar man kaɗanya da turara shinkafa da yin sabulu da ƙananan kiwo, a ba su jari kyauta, a kuma sa mai bibiyar su. Wannan shi ne ya fi kusa da tsarin maigida na da. A 2017 kuma aka kafa Asusun Raya Zanguna da ma'aikata ta musamman, wadda Alhaji Boniface ya fara riƙewa. An rushe ma'aikatar a 2021.

6.0 Matsalar Zaman Lafiya

Babu ɗaya daga cikin garuruwan nan uku da rikici bai taɓa ba. Yaƙin 1994, wanda ya faro daga gardama a kan farashin zabo a kasuwar Nakpayili, ya ci ƙauyuka da dama a kewayen Salaga da Yendi. Kisan Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a Maris 2002 ya jefa Yendi cikin dokar ta-ɓaci fiye da shekara biyu, kuma sai a Janairu 2019 aka naɗa sabon sarki. A Bawku, rigimar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wadda ta samo asali tun 1957, ta sake tashi a 2021. An sha kafa dokar hana fita da dare da ta hana maza hawa babur, har ma an hana sa rigar batakari don kada a ɓoye makami a ciki. Mai gyaran babur da maɗinkin batakari da manomin albasa da ke jiran motar Kumasi, duk horon da aka ba su, ba su da ciniki a irin wannan hali. Shi ya sa 'yan matan arewa ke ci gaba da tafiya dako a kasuwannin Kumasi da Akra, wadda Hausawan can ke kira Ankara. Sunan da ake kiran su da shi, kayayei, haɗi ne na kalmar Hausa “kaya” da kalmar harshen Ga mai nufin mata.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa a cikin shekara ɗari gwamnati ta gwada makarantar sana'a, da sansani, da abinci a madadin lada, da alawus, da kuɗin tallafi. Mafi yawan shirye-shiryen sun ba da horo suka bar jari da kasuwa, kuma kusan kowannensu ya mutu ko ya sauya suna da sauyin gwamnati. Waɗanda suka fi amfanar talaka su ne waɗanda suka dace da rani, suka kuma ginu a kan sana'ar da mutane suka riga suka sani, kamar kaɗanya da albasa da doya. Har yanzu akasarin matasan zanguna a shagon maigida suke koyon ɗinki da walda da kanikanci, iyayensu na biyan kuɗin shiga da na yaye. Wannan fage ne da ɗaliban Hausa za su iya yin bincike a kansa, ta hanyar tattara tarihin baka daga tsofaffin masu sana'a na Salaga da Yendi da Bawku, da kuma kalmomin sana'a da Hausar Gana ta aro daga Turanci da harsunan maƙwabta.