Albaras: abin da ke tayar da fararen tabo a fata

Albaras, wanda Larabawan Chadi ke kira baras, likitocin N'Djamena kuma ke rubuta shi vitiligo a takardar asibiti, cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. Wajen sai ya yi fari fat, yawanci a yatsu, leɓe, gwiwa ko kewayen ido. Tana kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, maza da mata daidai, kuma wajen rabinsu kafin shekara 20.

Ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗaukarta. Bambancin yana da muhimmanci a Chadi, inda har yanzu ake samun sabbin masu kuturta: tabon kuturta ba ya jin taɓi, na albaras kuwa yana ji sarai. Zancen cin kifi da madara kuma camfi ne, duk da yadda ya zauna a bakin mutane.

Ana gadon saurin kamuwa, amma sau da yawa sai wani abu ya tayar da ita. Ƙuna, yanka, gogar takalmi ko ƙunar rana na iya buɗe sabon tabo daidai inda fata ta ji rauni, ga shi zafin N'Djamena kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Sai sinadarai, waɗanda suka fi sauƙin kauce wa. A 1939 an gano ma'aikatan wata majema a Amurka da hannayensu suka yi fari saboda sinadarin monobenzone da ke cikin safar robarsu. A 2013 kamfanin Kanebo na Japan ya janye mayukan hasken fata bayan dubban masu shafawa sun fito da fararen tabo. Rinin gashi mai PPD, wanda ake zubawa a baƙin lalle don ya kama da wuri, shi ma yana cikin jerin. Mai albaras a danginta, ko amarya ce, gara ta tsaya ga jan lalle, ta kuma bar man bilicin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba.

Game da homon, wato sinadaran da jiki ke sarrafawa da kansa, abin da ya fi tabbata shi ne alaƙa da maƙoƙo: masu albaras sun fi sauran mutane samun ciwon halittar wuya mai suna tayirod, shi ya sa likita kan nemi gwajin jini. A cutar lupus ne rawar homon mata ta fi fitowa fili, domin 9 cikin 10 na masu ita mata ne, kuma takan tashi lokacin ciki ko bayan haihuwa, rana kuma na tsananta ƙurajenta a fuska.

Tabon fuska ya fi saurin karɓar magani, na yatsu ya fi taurin kai. Mayukan kotizon na taimakawa idan an fara da wuri, amma a hannun likitan fata, domin shafa su ba ƙa'ida yana sirantar da fata.