Siminti da Ganuwar Naa Jaringa

Sana'armu ta gyaran tsofaffin gine-gine a Gana daga bakin teku ta faro, ta kuma daɗe a can kafin ta waiwayi arewa. Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1957, ta gaji sansanonin Turawa na Elmina da Cape Coast, gine-ginen dutse, kuma a kansu ma'aikatan farko suka goge. UNESCO ta sa su cikin jerinta a 1979, gidajen gargajiyar Asante suka bi baya a 1980. Mu nan arewa kuwa gadonmu na ginin ƙasa ne: masallatai, fadodi, ganuwa.

Da aka tashi taimaka mana, sai aka zo da siminti. A shekarun 1970 aka lulluɓe masallacin Larabanga da shi, masallacin da mutanen garin ke cewa tun 1421 yake tsaye, wai don a hutar da jama'a daga yaɓen shekara-shekara. Kowane tsohon magini ya san abin da zai biyo baya. Bangon ƙasa yakan sha ruwa da damina, ya fitar da shi da rani. In ka toshe masa fuska, laima ta zauna ciki, itatuwan da ke riƙe da ginin su ruɓe, gara ta samu gida. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya zama gari. A 2002 hadari ya kayar da hasumiyar masallacin da mihirabinsa.

Gyaran da ya biyo baya shi ya sauya mana tunani. World Monuments Fund ta sa masallacin cikin wuraren da ke cikin haɗari a shekarar, aka samu kuɗi, masana ginin ƙasa na CRAterre suka zo daga Faransa. Babban aikin da aka yi shi ne ɓamɓare simintin, a canza ruɓaɓɓun itatuwa, a sake kwaɓa ƙasa yadda kakanni ke yi, da hannun maginan garin. Abin dariya, sai da baƙi suka taso daga Grenoble sannan aka yarda da abin da tsofaffinmu ke faɗa kyauta. Fadar Wa Naa, sarkin Wa, ita ma ta shiga jerin World Monuments Fund a 2008.

Yanzu wani salo ya shigo, na ƙawata gari don masu yawon buɗe ido. Salaga, inda fatake daga Kano da Katsina suka riƙa sauke kaya su ɗauki goron Gwanja, an gyara wurin tsohuwar kasuwar bayinta da rijiyoyinta a 2024. Na yi murna, domin an daɗe ana wuce wurin kamar ba a san abin da ya faru a can ba. Sai dai kuɗin irin wannan aiki ya fi son abin da za a yanka wa kirtani: ƙofa, katanga, allo, fenti. Kuɗin share ciyawa da gyaran magudana duk shekara ba shi da ranar biki, shi ya sa ba ya fitowa. Masallacin Bole, da ruwan 2023 ya rushe wani sashensa, shaida ne.

Nalerigu ce ta fi damuna. Ganuwar garin da Nayiri, wato sarki, Naa Jaringa ya gina, wadda labarin baka ke cewa da zuma da madara aka kwaɓa ƙasarta, guntaye kawai suka rage. Tun da garin ya zama hedikwatar jihar Arewa maso Gabas a 2019, ana buƙatar ofisoshi da tituna da filaye, kuma direban katafila ba ya bambanta ganuwa da tudun ƙasa. Abin da take buƙata ba mai tsada ba ne: a kawar da ruwan da ke kwanciya a gindinta, a cire saiwoyin da ke tsaga ta, a shata mata iyaka a takarda da yardar fadar Nayiri, kafin safiyo ya zo da ma'auninsa.