Fito da Iyaka a Hanyar Kazaure da Babura

Tun kafin zuwan Turawa, ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Damagaram ko Azbin yakan ratsa ƙasar Kazaure ya nufi Daura. Fatake suna hawa da tufafi da hatsi da goro, suna gangarowa da kanwa da gishiri da dabino da dabbobi. Ba a kyauta suke wucewa ba: kowane sarki yana da fitonsa, madugu ne kuwa yake daidaitawa. Ita kalmar fito asalinta haye ruwa ne, amma yau kuɗin fito shi ne abin da kwastan yake karɓa a tsandauri, inda ko kududdufi babu.

Abin da Turawa suka kawo shi ne iyaka tsayayya. Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja a kanta daga 1890, suka daidaita a 1906, sa'an nan aka bi daji ana kafa alamu. A 1907 Gwamnati ta soke fiton ayari a Arewa. Watau an sauƙaƙa wa falke tafiya cikin gida, an kuma raba shi da rabin kasuwarsa. Mutumin Babura da ya bi ta Babban Mutum zuwa Magarya, cikin danginsa da harshensa, ya zama baƙo. Daga nan fasa-ƙwauri ya zama sana'a, gyaɗa ma takan bi ɓangaren da farashi ya fi tsoka.

Yarjejeniyar da ta kafa ECOWAS a Legas ran 28 ga Mayu 1975 ta yi nufin gyara wannan. Tsarinta na 1979 ya yafe fito a kan amfanin gona da dabbobi da aikin hannu, a 1990 aka ƙara da kayan masana'antu. A takarda, mai geron Roni ko Gwiwa ya sami abin da kakansa bai samu ba.

Amma fa sau uku aka yi doguwar rufe iyakar: daga 1984 zuwa 1986, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga 2023 zuwa 2024 bayan juyin mulkin Nijar. Ta biyun ta fi ban mamaki, gama a Yamai Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar cinikin Afirka baki ɗaya cikin Yuli 2019, wata guda kawai kafin ta rufe. Babban attajiri yana iya jira, ko ya sake hanya. Wanda ya ji jiki shi ne mai buhu biyar da mai awaki goma, da garuruwan bakin titi masu ci daga matafiya.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura, kusan sawun ayarin dā. Cikin Janairu 2025 kuwa Nijar ta fita daga ECOWAS.