Rikicin Bankunan Nijeriya na 2009

Rikicin bankuna na 2009 shi ne girgizar da ta tilasta wa Babban Bankin Nijeriya sauke shugabannin bankuna takwas tare da zuba Naira biliyan 620 don kada kuɗin masu ajiya ya salwanta.

Tushensa yana cikin garambawul ɗin 2004 zuwa 2005, lokacin da Gwamna Charles Soludo ya ɗaga jarin da ake bukata ga kowane banki daga Naira biliyan 2 zuwa biliyan 25. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, kuɗi suka taru a hannun shugabanni ƙalilan fiye da abin da suka saba juyawa. A wancan zamani darajar shugaban banki, da alawus ɗinsa, da dukiyarsa ta hannun jari, duk suna tafiya ne da girman bankin da farashin hannun jarinsa a kasuwar Legas. Saboda haka wasu suka shiga ba da rancen kuɗin masu ajiya don a sayi hannun jarin bankin nasu, farashi ya yi ta hawa ba tare da wata riba ta gaskiya a ƙarƙashinsa ba. Wasu basussukan kuwa kamfanonin shugabannin da na makusantansu aka ba wa, ba jingina. Kwamitocin daraktoci, waɗanda aikinsu shi ne tsawatarwa, galibi shugaban da ya kamata su sa wa ido shi ya kawo su.

Kasuwar ta fara faɗuwa a Maris 2008, farashin man fetur ya biyo baya, basussukan suka maƙale. Sanusi Lamido Sanusi ya karɓi ragamar Babban Banki a Yuni 2009, kuma ranar 14 ga Agusta ya sauke shugabannin Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank, aka zuba musu Naira biliyan 420. A Oktoba na Bank PHB, Spring da Equitorial Trust suka bi sahu.

Hukunci bai yi yawa ba idan aka dubi girman ɓarnar. A Oktoba 2010 kotu ta ɗaure Cecilia Ibru ta Oceanic wata shida, ta kuma sallama kadarori na kimanin Naira biliyan 190, har da gidaje a Dubai da Amurka. Francis Atuche na Bank PHB sai a 2021 aka yanke masa hukunci.

Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu su ne ƙananan masu hannun jari, ciki har da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da suka zuba kuɗin sallamarsu. Da aka karɓe Afribank, Bank PHB da Spring a Agusta 2011, takardun hannun jarinsu suka zama ba su da wani amfani. Dubban ma'aikatan banki sun rasa aiki, rance ya yi wuya ga mai ƙaramar sana'a.

A 2010 aka kafa hukumar AMCON don sayen basussukan da suka maƙale, aka kuma kayyade wa'adin shugaban banki a shekara goma. Har yau bankuna na biyan harajin shekara-shekara don rage bashin tiriliyoyin Naira da ke kan hukumar.