Daga Tashar Kano Zuwa Allon Kwamfuta: Tarihin Wasannin Tuƙin Kumbo

Ranar 20 ga Fabrairun 1962, John Glenn, Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo, ya ratsa sararin ƙasar Hausa a cikin Friendship 7. Hukumar NASA tana da tasha a Kano, ɗaya daga cikin tashoshi 18 da ke bibiyar tafiyar. Glenn ya shaida wa ma'aikatanta cewa yana hango abin da ya yi kama da guguwar ƙura, su kuma suka tabbatar masa an kwana biyu ana iska. Hazon hunturu ne ya gani, wanda kan lulluɓe Kano da Magarya da Dungas a kowace shekara ba tare da ya kula da kan iyaka ba.

A farkon wannan shekarar ne Steve Russell da abokansa suka kammala Spacewar! a jami'ar MIT, a kan kwamfuta ƙirar PDP-1. Kumbo biyu ne ke fafatawa, tauraro a tsakiya yana jansu. Daga nan zuri'ar ta yaɗu. Lunar Lander na 1969 ya ɗora wa mai wasa saukar da kumbo a kan wata da ɗan man da aka ƙayyade masa. Elite na David Braben da Ian Bell ya fito a Ingila a 1984 da duniyoyi 2,048. Martin Schweiger ya saki Orbiter kyauta a 2000, sannan Kerbal Space Program ya ɓullo daga Meziko a 2011.

Babban alfanun waɗannan wasanni shi ne suna koya wa hannu abin da hankali ke ƙin yarda da shi. A 1965 James McDivitt, matuƙin Gemini 4, ya so ya kusanci ragowar rokar da ta ɗauko shi. Ya fuskance ta ya ƙara wuta, kamar yadda direba zai yi a hanyar Damagaram, sai ta ƙara yi masa nisa. Dalili kuwa, a falaki ƙara wuta ɗaga kumbo yake yi zuwa sama, inda kewaye ya fi tsawo, tafiya ta fi nawa. Mai son cim ma na gabansa dole ya taka birki ya gangaro ƙasa. Ɗalibin da ya yi mako guda da Orbiter ko Kerbal zai gane wannan sarai, domin ya faɗi sau ashirin ya tashi. Gani ya kori ji. NASA da kanta ta yarda da haka, har ta haɗa hannu da masu Kerbal a 2014.

To amma rauninsu ma daga nan ya samo tushe. Faɗuwar da ba ta da ciwo tana koyar da lissafi, ba ta koyar da nauyin rai. A tafiyar Glenn wata na'ura ta nuna cewa garkuwar da ke kare kumbon daga zafi ta kwance. Masu kula da tafiyar suka yi ta shawara cikin fargaba, daga bisani aka gano na'urar ce ta yi kuskure. Babu maɓallin sakewa a wannan rana. Haka kuma wasan yana taƙaita tafiyar watanni zuwa mintoci, alhali jira da kaɗaici da raunin ƙashi su ne rabin wahalar ɗan sama jannati. Wasu, kamar Elite na farko, sun ma watsar da dokokin falaki, kumbo na juyi tamkar jirgin yaƙi, domin gaskiyar tana da wuyar sayarwa.

Rauni mafi girma shi ne mantawa da mutanen ƙasa. Allon yana nuna jarumi ɗaya a kan kujera, amma Glenn bai yi kewayensa uku cikin awa 4 da minti 55 ba sai da taimakon tashoshi irin na Kano da Zanzibar, waɗanda ke karɓar muryarsa da bugun zuciyarsa suna miƙawa gaba.

A ƙauyukan Magarya da Dungas, inda wutar lantarki ba ta wadata ba, wayar hannu ce ƙofar da irin waɗannan wasanni za su fi shigowa ta cikinta. Za su tarar da jama'a masu tsohon sani game da sama, waɗanda suka raɗa wa taurari sunaye kamar Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta. Yaron da ya koyi hawa falaki a kan allo ya samu ilimi na gaske. Saura malaminsa ya sanar da shi cewa shekaru sittin da 'yan kai da suka wuce, daga Kano aka amsa wa kumbo na ainihi.