Zaidu Sanusi: Tarihin Hawansa daga Jega zuwa Porto

Zaidu Sanusi ɗan ƙwallon ƙafa ne na Najeriya mai tsaron baya ta gefen hagu, wurin da 'yan kallo ke kira lamba uku. An haife shi ranar 13 ga Yunin 1997, kuma ɗan garin Jega ne a Jihar Kebbi. An fi saninsa da ƙungiyar Porto ta ƙasar Fotugal da kuma Super Eagles.

Galibin abin da ake rubutawa a kansa daga 2020 yake farawa, shekarar da Porto ta saye shi. Dalilin a fili yake. A gidajen kallon ƙwallo na Katsina, daga Kambarawa har Ƙofar Ƙaura, gasar Ingila da ta Sifaniya ake kunnawa, sai kuma daren Zakarun Turai, don haka mutane da yawa sun fara ganinsa ne sanye da rigar Porto mai ratsin shuɗi da fari. Shekaru huɗun da suka gabaci wannan rigar su ne ba a cika tsayawa a kansu ba, alhali a cikinsu aka yi ɗan wasan. Su wannan maƙala ta fi bai wa fili.

Jega da tafiya Fotugal

Ya fara ne da ƙungiyar garinsu, Jega United. Hanyar da ya bi daga nan ta bambanta da ta fitattun 'yan wasan Arewa da suka riga shi. Ahmed Musa ya yi suna a Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda, kafin ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010. Abdullahi Shehu ɗan Sakkwato ya bi ta Plateau United da Kano Pillars, sannan Kuwait. Shi kuwa Zaidu ya bar gida babu wanda ya san shi a babbar gasar Najeriya. A 2016 ya sauka Fotugal yana wajen shekara 19, a hannun ƙungiyar Gil Vicente ta garin Barcelos, wadda a lokacin take rukuni na biyu.

Jadawalai da dama suna lissafa Gil Vicente a matsayin ƙungiyarsa ta farko a Turai. A takarda haka ne. A fili kuwa, inda ya buga wasan manya mako bayan mako shi ne Mirandela, wadda aka ba ta aronsa, kuma daga can ya kamata a fara ƙirga aikinsa.

Mirandela, 2016 zuwa 2019

Mirandela ƙaramin gari ne a bakin kogin Tua, a yankin Trás-os-Montes da ke arewa maso gabashin Fotugal, ƙasar duwatsu da gonakin zaitun, mai tsananin zafi da bazara da sanyi mai ratsa ƙashi da hunturu. Ƙungiyar garin, Sport Clube de Mirandela, tana wasa a filin São Sebastião, kuma a shekarun nan tana cikin gasar Campeonato de Portugal, wadda ita ce rukuni na uku a ƙasar har zuwa 2021 da aka ƙirƙiro Liga 3.

Yana da kyau mai karatu ya fahimci irin ƙuncin wannan mataki. A kakar 2018/19 ƙungiyoyi 72 ne a gasar, an kasa su gida huɗu bisa yanki, kuma biyu kacal suka hau rukuni na biyu. Ɗan wasan da ya zauna jiran ƙungiyarsa ta hau da shi zai iya tsufa a wurin. Mafita ita ce ya yi wasan da zai sa masu farautar 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi su riƙa zuwa kallonsa. Ƙwallon rukunin na ƙarfi ne, a ƙananan filaye, tsakanin matasa masu neman hanya da tsofaffin hannu da suka sauko daga sama. Kuɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ga baƙon yaro kuma akwai harshen Fotugal da sai ya koya, ga abincin da bai saba ba, ga azumi da salla a garin da Musulmi ba su da yawa.

Zaidu ya yi kaka biyu a matsayin aro, sannan a 2018 ya zama ɗan Mirandela gaba ɗaya. A wannan tsakanin ne ya yi aiki ƙarƙashin koci Rui Borges, ɗan asalin garin, wanda ya karɓi ƙungiyar bayan ya ajiye takalmi. Wannan Rui Borges shi ne ya ci gasar Fotugal da Sporting a 2025. Ke nan ƙaramin filin São Sebastião ya haɗa mutum biyu a lokaci guda, koci da lamba ukunsa, waɗanda kowannensu ya je ya ɗauki kofin ƙasar da wata babbar ƙungiya. A ganin mai wannan rubutu, duk tarihin Zaidu da ya tsallake waɗannan kakanni uku a layi ɗaya ya bar ainihin labarin a baya. Abin da ya fito da shi tun a can shi ne gudu, da jure hawa da sauka a gefen fili har a tashi wasa.

Ita kuma Gil Vicente ta faɗa rukuni na uku a 2018, aka mayar da ita na farko a 2019 sakamakon wata tsohuwar shari'a. A shekarar ce shi ma Zaidu ya isa rukunin farko, ta wata ƙofa dabam.

Santa Clara, 2019/20

Ƙungiyar Santa Clara ce ta ɗauke shi kai tsaye daga rukuni na uku, bai taka na biyu ba. Mazauninta Ponta Delgada ne a tsibirin São Miguel cikin tsibiran Azores, tsakiyar tekun Atlantika, kusan kilomita 1,400 daga Lisbon, ta yadda kusan duk wasan waje sai an hau jirgin sama. Kocinta João Henriques ya fara sa shi a hankali, kafin kaka ta yi nisa gurbin ya zama nasa.

Annobar korona ta dakatar da gasar a Maris 2020. Da aka dawo a Yuni, Santa Clara ta baro tsibirin ta koma buga wasanninta na gida a cibiyar hukumar ƙwallon ƙasar da ke kusa da Lisbon. Ranar 23 ga Yunin 2020, a filin Luz na Benfica da babu ɗan kallo ko ɗaya, ta doke Benfica da ci 4 da 3, kuma Zaidu na cikin waɗanda suka zura ƙwallo. Sakamakon ya raunana Benfica a tseren kofin da Porto ta ƙare da lashewa. Santa Clara ta gama kakar a matsayi na tara.

Porto

A ƙarshen Agustan 2020 Porto ta saye shi kan kuɗin da aka ruwaito sun kai yuro miliyan 4, da kwantiragin shekara biyar. A Oktoba lamba ukunta Alex Telles ya koma Manchester United, sai koci Sérgio Conceição ya damƙa wa Zaidu gefen hagu. Wanda a watan Mayun 2019 yake rukuni na uku, ga shi a Oktoban 2020 cikin gasar Zakarun Turai, rukuni ɗaya da Manchester City da Marseille da Olympiacos. Ranar 25 ga Nuwamba ya ci ƙwallon farko a nasarar 2 da 0 a gidan Marseille. A Maris 2021 Porto ta fitar da Juventus ta su Cristiano Ronaldo, kafin Chelsea ta tsayar da ita a zagayen 'yan takwas.

Ƙwallon da ta shigar da sunansa tarihin ƙungiyar ita ce ta ranar 7 ga Mayun 2022, a filin Luz ɗin nan dai. Maki ɗaya Porto ke buƙata ta zama zakara. An soke wa Darwin Núñez na Benfica ƙwallo saboda satar gida ta 'yan santimita. Wasa ya shiga ƙarin lokaci babu ci, Benfica ta samu bugun kwana, ta tura kusan kowa gaba. Ƙwallo ta dawo wa Pepê na Porto, ya ja ta tun daga rabin filinsu ta gefen dama. Zaidu, bayan minti casa'in na gudu, ya tsinke daga bayan gida ya ratsa tsawon filin, ya tarar da ƙwallon da Pepê ya miƙo, ya buga ta da ƙafar hagu ta wuce gola Vlachodimos. Minti na huɗu ke nan na ƙarin lokaci. Porto ta ci 1 da 0, ta ɗauki kofin gasar karo na 30, ta kuma gama kakar da maki 91. A Oktoban shekarar ya sake ci a gasar Zakarun Turai, a wasan da suka doke Bayer Leverkusen 2 da 0.

Super Eagles

Koci Gernot Rohr ne ya fara kiransa. Wasansa na farko shi ne na sada zumunta da Aljeriya ranar 9 ga Oktoban 2020 a ƙasar Ostiriya, wanda Najeriya ta sha kashi 1 da 0. Ya buga gasar cin kofin Afirka a Garwa ta ƙasar Kamaru a Janairun 2022, da ta ƙasar Kodebuwa a farkon 2024, inda Najeriya ta kai wasan ƙarshe ta rasa kofin a hannun masu masauki da ci 2 da 1 ranar 11 ga Fabrairu.

Kafin watan ya ƙare, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan Porto da Estrela da Amadora, aka yi masa aiki, ya rasa sauran kakar. Ya koma fili a kakar 2024/25.